Harbin Gasa a Ƙasar da Bindiga Ta Zama Abin Tsoro

A ƙarshen watan Yulin 2024 hoton wani ɗan Turkiyya mai suna Yusuf Dikec ya karaɗe wayoyin duniya, har da na Katsina. Dattijo ne mai shekara 51, da furfura a kai da tabarau irin na karatu, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindiga, ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Faris tare da abokiyar wasansa. An yi ta raha da shi, ana cewa wannan ba yau ya fara ba. Abin da yawancin masu rahar ba su lura da shi ba shi ne, bindigar da ke hannunsa ba ta cin albarushi. Iska ce da aka matse take tura 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 zuwa wata takarda da ke nisan mita 10.

Ga mazaunin Bauranya, a ƙaramar hukumar Kusada maƙwabciyar Kankiya, maganar harbi a matsayin wasa tana iya zama kamar izgili. Matsalar tsaron da ta faro daga yammacin jihar, ta wajen dajin Rugu, ta yi ta matsowa tsakiya, kuma ko garin da ba a taɓa shiga ba ya san mai kuka a wani gari. Harshen ma ya ɗauki tabon. A da, in an ce 'yan bindiga, dakarun sarki ake nufi, waɗanda suke cika gari da ƙara da hayaƙi ranar Hawan Sallah, yara suna bin su da gudu. Yau sunan ya koma kan masu ɗibar mutane zuwa daji. Duk da haka akwai abin da ya kamata Katsina ta ɗauka daga wasan harbi, akwai kuma abin da ya wajaba ta bari, sai dai su biyun sukan zo a kwano ɗaya.

Wanda ya wajaba a bari shi ne wanda ya fi cika YouTube. A Amurka akwai gasar da maharbi yake zaro bindiga daga ƙugu, ya ruga daga wannan shinge zuwa wancan yana harbi, ana lissafa masa daidaito da sauri tare. Ƙungiyar IPSC da ke kula da wannan salo a duniya an kafa ta a 1976 a jihar Misuri. A irin wannan fili ne ake ganin masu shiga gasa da ƙananan bindigogi kamar Glock 19, wadda bututunta milimita 102 ne, an kuma ƙera ta ne don ta ɓuya a ƙarƙashin riga. Gajartar da ta sa ta ɓuya ita ce nakasarta a gasa. Tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya kaɗan ce, don haka 'yar karkatar da ido bai kama ba takan zama kuskure babba a jikin takarda. Rashin nauyinta kuma yana sa bakinta ya yi tsalle bayan kowane harbi.

Saboda haka sai a shiga gyara. A canza mata saiti, a sassauta kunama don kada jan yatsa ya girgiza hannu, a ƙara mata nauyi, a faɗaɗa mariƙi. Duk wanda ya bi jerin nan a hankali zai ga inda ya nufa: kowane gyara na gasa yana ƙara wa bindigar girma da nauyi, yana rage mata dacewa da aljihu. Kamfanin Glock da kansa, da ya tashi yin ta gasa, samfurin 34 ya fitar mai bututun milimita 135. Kunamar da aka sassauta don gasa kuwa haɗari ce a hannun mai firgita da tsakar dare. Don haka wanda ya ce yana son ƙaramar bindiga “don wasa da kuma tsaron gida” abu biyu yake nema da ba sa haɗuwa a jikin ƙarfe ɗaya, kuma sau da yawa na biyun ne a ransa, na farkon mayafi ne.

Dokar Najeriya ta rufe wannan ƙofa tun da daɗewa. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin harba-ka-ruga ta maharban karkara, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da lasisinta. Bindigar farauta da bindigar iska, doguwa da gajeriya, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Fistol da libarba kuwa suna gida ɗaya da mashinga da gurneti, wato makaman da aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, ɗaurin shekara 10 doka ta tanadar masa. Gyaran bindiga ma ba aikin kowane maƙeri ba ne, yana da nasa izinin. Injiniya ko likitan da ya yi sha'awar bidiyon Amurka har ya fara tambayar inda ake samu, ya san cewa hanyar da za ta kawo masa ita, ita ce dai take kai wa mutanen daji tasu.

Ana iya jayayya a kan ko dokar ta yi tsauri. Tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya taɓa kiran jama'a a 2021 da su nemi makami su kare kansu, gwamnatin Zamfara ta yi makamancin wannan kira a 2022, sannan a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Wannan muhawara ce ta kare kai, mai nauyi, wadda ta cancanci a yi ta da sunanta. Cusa ta cikin rigar wasanni yana ɓata muhawarar, yana kuma kashe wasan tun bai tashi ba.

Abin ɗauka yana can inda Dikec ya tsaya. A gasar bindigar iska ta mita 10, ƙarƙashin hukumar harbi ta duniya ISSF, gyara yana da iyaka, iyakar kuma da ma'auni ake duba ta. Ana sa bindigar a cikin akwati mai tsawon milimita 420, faɗi 200, zurfi 50, in ba ta shige ba an gama magana. Nauyinta kada ya wuce giram 1,500. Sai a rataya wa kunamarta ƙarfe mai giram 500 a ɗaga. In ta tashi, ta yi laushi fiye da ƙa'ida, mai ita ya fita. Ba gilashin ƙara girma, ba jingina, hannu ɗaya ne a tsaye. Abin da aka bar wa maharbi ya taɓa da gaske shi ne mariƙin, wanda ake sassaƙawa daidai tafin hannunsa, aikin da duk wanda ya taɓa kallon masassaƙi yana gyara ƙotar fartanya zai gane. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, zoben maki goma kuwa milimita 11.5 ne, kusan faɗin farcen yatsa. Ɗan Koriya ta Kudu Jin Jong-oh ya taɓa tara 594 cikin 600 a 2009. Da zarar an tsaya, sai a zura wani zare mai launi a bututun don kowa ya ga ba komai a ciki.

Wannan ba horon yaƙi ba ne. Horo ne na numfashi da tsayuwa da haƙuri, mutum ya ɗaga hannu, ya ji bai daidaita ba, ya sauke ba tare da ya harba ba. Sauke hannun nan shi ne rabin ƙwarewar, kuma shi ne abin da ya fi ƙaranci a wurin saurayin da ya fara riƙe bindiga a tsorace ko a fusace.

Katsina ba baƙuwar mayar da kayan yaƙi abin wasa ba ce. Dokin da ya yi zamanin hare-hare shi ne Sarki Muhammadu Dikko ya shigar filin folo, ɗansa Usman Nagogo ya yi suna da shi har wajen Najeriya, ba wanda ya ce filin folo makarantar mahara ce. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da keɓe gasar harbin kibiya da sukuwar dawaki da raƙuma a cikin wasannin da ya halatta a sa musu kyauta. Abin da ya raba wasa da ɓarna a duka biyun shi ne fili sananne, da alƙali, da ƙa'idar da kowa ya yarda da ita kafin a fara.

Akwai kuma darasin Birtaniya. Bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996, ƙasar ta haramta wa farar hula kusan duk ƙananan bindigogi masu harsashi a 1997, har sai da 'yan wasanta na wannan fanni suka riƙa fita ƙasashen waje atisaye. Bindigar iska ba ta shiga haramcin ba, kulob-kulob suka ci gaba da ita. Indiya ma, mai tsauraran dokokin makami, da bindigar iska Abhinav Bindra ya kawo mata zinare a 2008, da ita kuma Manu Bhaker ta ci tagulla biyu a Faris. Ƙasa tana iya riƙe ƙofar fistol a rufe ta kuma yi fice a harbi.

Abin da ake bukata bai kai gina filin ƙwallo ba: zaure mai tsawon da ya ɗan haura mita 10, da haske, da ƙarfen tare ƙwayar dalma, da ma'ajiya mai makulli biyu. Najeriya tana da hukumar wasan harbi ta ƙasa da za a iya rajista da ita. Wuri ɗaya a harabar filin wasa na Muhammadu Dikko a birnin Katsina ya isa mafari, in ya zauna da gindinsa a yi na biyu a wata makarantar sakandare a Kankiya, inda yaron Bauranya ko yarinyar Kusada za su iya zuwa. Sharaɗin da ba sassauci a cikinsa shi ne, bindigogin na cibiyar ne, da lambarsu a littafin 'yan sanda, ba wadda za ta kwana a gidan kowa, ko ɗan wane ne.

Za a ce ana koya wa yara harbi a jihar da harbi ya yi wa yawa. Fargabar ba ta banza ba ce, kuma iyayen da suka ga abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 ba sa bukatar a yi musu wa'azi a kanta. Amma mutanen daji ba su jira kulob ba kafin su koyi AK-47, kuma tsayuwar hannu ɗaya a gaban takarda ba ta ƙara wa ɗan fashi komai. Gwamnatin jihar ma ta riga ta yanke cewa wasu matasa za su riƙe makami, tun da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai mutum 1,466 a Oktoban 2023. Ga 'yan sintiri da maharba a ƙauyuka da bindigoginsu na gargajiya. Ana koyon bindiga a Katsina kowace rana; abin da babu shi ne wurin da ake fara koyon ta daga ƙa'idar inda ba a nuna bakinta.

Ƙorafin kuɗi ya fi wannan ƙarfi. Bindigar iska ta gasa mai kyau ta fi sabon babur tsada, kuma a jihar da wasu azuzuwa ba su da kujeru, ba kasafin ilimi ne ya kamata ya saye ta ba. Nan ne wurin masu hali, irin waɗanda suka riƙe folo shekara da shekaru da aljihunsu. Bindiga huɗu sun ishi yara 40 in an tsara lokaci, ƙwayar dalmar kuma gwangwani ɗaya 500 yake ɗauka. Abin da zai fi wuya shi ne samun mai horarwa da zai kori ɗan babban mutum daga zauren ranar da ya juyo da bakin bindiga wajen abokinsa da sunan wasa, da kuma shugabannin da za su tsaya a bayansa in wayar uban yaron ta shigo.