Attajirai Sun Kafa Rumfa A Sama, Jibiya Tana Ƙarƙashinta

Tun daga shekarar 1957 da Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko, sha'anin sararin samaniya ya zama na manyan dauloli, gama ba mai ƙarfin ɗaukar kuɗinsa sai gwamnati. Ƙasar nan ma ta ga farkon al'amarin da idonta. A 1961 Amurka ta kafa tasha a Kano domin bin sawun kumbonta idan ya gitta ta saman Afirka, sa'an nan a watan Agusta na 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta wayar da ta bi ta tauraron Syncom. A wancan zamani gwamnati ce ke magana da gwamnati. Yau 'yan kasuwa sun shiga, har sun fi gwamnatoci yawan taurari a sama, kuma abin ya iso bakin iyakar Jibiya. Saboda haka ya wajaba jama'a su fahimci irin wannan ciniki.

Akwai wani attajiri a Amurka, sunansa Robert Bigelow, wanda ya yi dukiyarsa da gidajen saukar baƙi a birnin Las Vegas. Sai ya kafa kamfani da nufin ya gina ɗakuna a sararin samaniya, ya riƙa ba da hayarsu ga ƙasashe da masu bincike kamar yadda yake yi a ƙasa. Dabarar kuwa ita ce, cikin roka ƙunci gare shi, kuɗin dakon kaya zuwa sama kuma ba shi da dama. To, maimakon a ƙera ɗaki na ƙarfe, sai a ɗinka shi da yadi mai tsananin ƙarfi, ninki bisa ninki, a naɗe shi kamar laima, idan ya isa sama a hura masa iska ya kumbura kamar salka. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ita ta fara wannan tunani, shi kuwa ya karɓi iznin amfani da shi, ya zuba kuɗin aljihunsa.

A watan Yuli na 2006 ya harba ɗakin gwaji mai suna Genesis I a kan rokar Rasha, ya bi shi da Genesis II a watan Yuni na 2007, dukansu suka kumbura lafiya, ko da yake ba mutum a ciki. A 2013 NASA ta ba shi kwangilar dala miliyan 17.8, a 2016 aka kai wani ɗakinsa mai suna BEAM aka liƙa a jikin Tashar Sararin Samaniya ta Duniya, wadda ke kewaya ƙasa a nisan kilomita 400 ko kusa da haka. Aka hura shi a watan Mayu, tsawonsa ya kai wajen mita 4, 'yan sama jannati suka shiga suka fita ba abin da ya same su. An yi shirin gwada shi shekara biyu, amma da aka ga ingancinsa sai aka bar shi ya zama rumbun ajiya.

Duk da wannan nasara, a watan Maris na 2020, sa'ad da cutar korona ta ɓulla, kamfanin ya sallami ma'aikatansa kaf, daga baya ɗakin ya koma mallakar NASA. Aikin hannu ya yi kyau, ciniki ne bai tsaya da ƙafafunsa ba, gama masu hayar da aka sa rai ba su zo ba. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Har wa yau wasu kamfanoni, irin su Sierra Space da Axiom da Vast, suna neman gina nasu ɗakunan, domin NASA ta shirya jingine tashar duniya wajen shekarar 2030 ta koma haya a hannun 'yan kasuwa. Abin lura a nan shi ne, gwamnati takan riƙe aiki ko da hasara take yi, ɗan kasuwa kuwa ran da riba ta yanke yakan naɗe tabarmarsa.

Mai karatu zai tambaya, ina ruwan Jibiya da ɗakin da ke rataye a sama? Mutanen Jibiya sun fi kowa sanin ma'anar rufe ƙofa. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa, motoci suka yi cirko-cirko tsakanin Magama da Ɗan Isa, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Daɗin daɗawa, a watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, da nufin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Fatake suka kasa jin farashin kasuwa, masu aika kuɗi ta waya suka tsaya cik, wanda aka kai wa hari da dare ya rasa yadda zai kira ɗauki. Duk waɗannan umarni sun yi aiki ne domin ƙofar da turakun waya a ƙasa suke, hannun hukuma yana kaiwa gare su.

Ana nan sai ga Starlink, na kamfanin SpaceX, mallakar attajirin nan Elon Musk. Dubban ƙananan taurari ne masu kewaya duniya a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, mutum ya kafa ɗan faifai a tsakar gida ko a dawa, ya sami lantarki ko na hasken rana ne, sai intanet ta sauko masa kai tsaye, ba ruwansa da turken waya. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka fara wannan ciniki, a Janairun 2023. Nijar ba ta sa hannu ba sai Oktoban 2024, aka fara aiki a Maris na 2025. A tsakanin nan faifan ya zama hajar fasa-ƙwauri, kuma masu bincike sun ba da rahoto a 2025 cewa ana tsallaka shi daga Nijeriya zuwa Nijar, har yana faɗawa hannun masu ɗauke da makamai a ƙasashen Sahel.

Ba a musun amfaninsa. Asibitin ƙauye da makarantar da layi bai taɓa kaiwa ba, da ma'aikatan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi wadda aka aza harsashinta a 2021 kuma ta biyo ta Jibiya, da dillalin hatsi mai son jin farashin Dawanau kafin ya yi lodi, duk suna iya cin moriyarsa. Amma fa abu biyu ne ya kamata hukuma ta dubi gaskiyarsu. Na farko, yanke layin waya irin na 2021 ya rasa rabin ƙarfinsa, gama wanda ke karɓar kuɗin fansa yana da halin sayen faifai, talaka kuwa ba shi da shi. Idan aka maimaita wannan mataki, mai gaskiya ne zai zauna cikin duhu, ɓarawo yana magana da abokansa.

Na biyu, makunnin wannan abu yana hannun mutum guda a wata ƙasa mai nisa. A Oktoban 2024 kamfanin ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ce ba da izninta ba, sa'an nan aka dakatar da ƙarin a lokacin. A yaƙin Yukren ma, mai kamfanin da bakinsa ya faɗi cewa a 2022 an roƙe shi ya kunna layin a yankin Kirimiya ya ƙi. Ko daidai ya yi ko kuskure, hukuncin nasa ne shi kaɗai, ba majalisar da ta zauna a kai. Wanda ya ga yadda Bigelow ya rufe ƙofarsa rana ɗaya, ya kuma ga wannan, ya san zanen aro ba ya rufe katara.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a 2003. Tauraron sadarwa na NigComSat-1, wanda Sin ta harba a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011, shi kuwa an ƙera shi ne domin ya yi shekara 15. Lissafi mai sauƙi ya nuna wa'adinsa ya zo. Lalle ne a hanzarta samar da magajinsa, domin ofisoshin tsaro da kwastan da asibitocin gwamnati su sami layi guda wanda ba baƙo ke riƙe da makullinsa ba.

Bayan wannan, ya kyautu NCC ta ɗaure kowane kamfani na sama da sharaɗin rajistar mai faifai da sunansa da wurin zamansa, kamar yadda aka yi wa layukan waya, a kuma tilasta masa ya kashe duk faifan da hukuma ta tabbatar yana hannun mugu. Kwastan na Magama da takwarorinsu na Ɗan Isa su riƙa musayar lambobin faifan da aka kama, gama ɗan bindigar da ya kwana a dajin Jibiya yana iya wayar gari a ƙasar Madarunfa, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Gwamnatin Katsina ta sa irin wannan faifai a asibitoci da makarantun ƙauyukan iyaka bisa yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi farashi da wa'adi da abin da za a yi idan kamfani ya janye. Sarakuna da dagatai da shugabannin kasuwa su ma suna da aiki, domin su suka san wanda ya kafa sabon faifai a unguwa, da inda ya samo kuɗinsa.

Allah Ya zaunar da iyakar lafiya, Ya ba shugabannin ƙasashen biyu basirar yin wannan aiki tare. Wasalam.