Muna ƙona ɓuntu a Rano da Kibiya, muna sayo sinadari da dala

Da zarar kaka ta yi a Rano da Kibiya, dusa tana da mai saye, kara yana da mai ɗauka, harawa kuwa sai ka biya da tsada. Amma ɓuntun shinkafa da tattaka da totuwar masara, mafi yawansu wuta ce makomarsu. Wannan ƙunar tana ci mini rai, domin dukiya ce ake mayarwa toka.

Akwai wata funfuna mai suna Aspergillus niger. Idan aka jiƙa dusa, aka gauraya ta da niƙaƙƙen ɓuntu ko totuwa don iska ta ratsa, aka turara, aka zuba irin funfunar, aka ajiye a ɗumin da bai wuce digiri 30 da kaɗan ba, cikin 'yan kwanaki sai ta fitar da sinadaran narkar da abinci, waɗanda masana ke kira inzayim. Aikin bai yi nisa da abin da iyayenmu mata ke yi da kalwa ba idan sun rufe ta za ta zama daddawa. Tun 1894 wani Bajapane, Jokichi Takamine, ya yi wa irin wannan dabara rajista a Amurka, kuma a kan dusar alkama ya raini tasa funfunar. A 1991 aka fara sayar da fayites da aka samo daga Aspergillus niger, sinadarin da ke sa kaza ta amfana da fosforas ɗin da ke daskare cikin hatsi da dusa, maimakon ta kasayar da shi. Yau masu haɗa abincin kaji a ƙasar nan daga waje suke sayo irinsa, da dala, manomi kuma shi ke biyan kuɗin a kan kowane buhu.

Haba jama'a! Madatsar Tiga tana nan tun 1974 tana shayar da shinkafar yankin nan. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana da makarantar fasahar karkara a cikin garin Rano. Jami'ar Bayero tana da masana ƙananan halittu. Me ya hana gwamnatin jiha ta haɗa su a ɗaki guda, da tukunyar turarawa da faranti da ma'aunin zafi? Ɗalibai suna rubuta kundi a kan wannan fanni, a ba su maki, kundin ya kwanta a kanta, ƙura ta binne shi.

Ban ce kowa ya jiƙa dusa a bayan ɗaki ba. Funfunar da ke lalata gyaɗa da masara, Aspergillus flavus, 'yar uwar waccan ce, kuma gubarta tana cin hanta. Shi ya sa dole iri mai tsabta ya fito daga ɗakin gwaji, a kuma auna abin da aka samar kafin ya shiga bakin kaza. Wannan aikin hukuma ne. 'Yan majalisar da ke wakiltar Rano da Kibiya da Bunkure su sa shi a kasafin baɗi, su faɗa mana nawa aka ware da ranar farawa.