Muna Son Masu Binciken Gawa a Talabijin, Muna Gudunsu a Gida



Duk wanda ya taɓa bin mu gida bayan zumuntar ranar Laraba ya san abin da muke yi in an yi sa'a akwai wuta. Mukan cika falon ɗaya daga cikinmu a nan Unguwar Sanusi, wani a kujera wani a tabarma, a kunna fim ɗin masu binciken kisa. CSI ya fi shiga ranmu, wanda aka fara nunawa a Amurka a 2000 aka rufe a 2015, labarin ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sandan Las Vegas. Shugabansu Gil Grissom zai tsuguna gaban gawa, ya ɗauki tsutsa da hantsaki, ya ce daga girmanta mutumin nan ya kwana kaza da mutuwa. Wasunmu sun fi son Ducky, tsohon likitan nan na NCIS, mai hira da gawa kamar ya yi baƙo. Mukan yi gardama a kan wanda ya yi kisan, mu rantse cewa matar ce, sai a ƙarshe gashi guda ɗaya da aka tsinta a mota ya nuna ashe duk mun yi kuskure. Mu yi dariya mu watse.

To amma me ya sa in mutuwar ta shigo layinmu, hankalin nan duka sai ya gudu?

Shekaru kaɗan da suka wuce mahaifin ɗaya daga cikinmu ya dawo daga aiki, ya ci tuwo, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin keke napep ya kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bai kai shekara 55 ba. Washegari dangi suka iso daga ƙauye, kuma tambayar farko da aka yi a ɗakin makoki ita ce wa ya dafa tuwon. Aka tuna cewa sun yi ƴar rigima da matarsa a kan wani fili. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Gawar ta yi kusan mako uku a mutuware. A cikin wannan lokaci an ɗinka anko, an buga takardar tsarin sujada mai hoto, an yi hayar rumfa da kujeru da motar da za ta kai shi gida, an sayi akwati mai tsada. Mu ma mun ba da gudummawa, mun kuma yi waƙa a kwanan makoki. A cikinmu duka, har da masu haddace CSI, babu wanda ya buɗe baki ya ce a nemi likita ya duba abin da ya kashe Baba. Yau mamar nan ta daina zuwa zumuntar mata. In ta shigo sujada tana zama a benci na ƙarshe, ta fita kafin a sa albarka. Babu mai iya kama ta da laifi, babu kuma mai iya wanke ta, domin shaidar da za ta yi magana mun kai ta ƙauye mun rufe da siminti.

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. In mutuwa ta zo da shakku har muna jin za mu iya zargin wani, to wajibi ne a bincika gawar. In kuwa iyali sun ƙi a bincika, sun zubar da damar nuna wa kowa yatsa. Ba a haɗa biyun, a ƙi bincike kuma a yanke hukunci.

Ƙasar nan ta ga abin da rashin bincike yake haifarwa tun daga sama. Janar Sani Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni 1998, aka binne shi a Kano a ranar, ba a binciki gawar ba. Yau shekara ashirin da ɗoriya, yaran da ba a haifa ba a lokacin suna ba da labarin tuffa kamar suna cikin ɗakin. Bayan wata ɗaya, ran 7 ga Yuli, Cif M.K.O. Abiola ya rasu a tsare jim kaɗan bayan an ba shi shayi. Shi kam an kawo likitoci daga Amurka da Ingila da Kanada suka duba shi, suka ce ciwon zuciya ne da ya daɗe yana cinsa. Har gobe akwai waɗanda ba su yarda ba, mun sani. Bincike ba ya toshe kowane baki. Amma a kan Abiola akwai rahoton da mutum zai riƙe ya yi gardama da shi, a kan Abacha kuwa sai "an ce". Gani ya kori ji.

Abin da fim bai cika nuna mana ba shi ne, sau da yawa aikin masu binciken nan wanke mutum yake yi. A 1984 wani masani a Jami'ar Leicester ta Ingila, Alec Jeffreys, ya gano yadda za a bambanta mutum da mutum ta ƙwayoyin halitta, abin da ake kira DNA. Da 'yan sanda suka fara amfani da dabarar a 1986, a kan kisan wasu 'yan mata biyu, suna riƙe da wani saurayi ɗan shekara 17 wanda har ya amsa laifin ɗaya daga ciki. Gwajin ya nuna ba shi ba ne, aka sake shi. Sai daga baya aka kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, aka yanke masa hukunci a 1988. Ku duba da kyau: yaro ya amsa da bakinsa, kuma ba shi ya yi ba. Ina ga matar da laifinta kawai ita ta tuƙa tuwo?

Bincike yana kuma ceton waɗanda suka rage. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, suna suma suna farfaɗiya. Sai da aka gwada jinin yaran da ƙasar gidajen aka gane gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Yara fiye da 400 suka tafi, amma sanin dalilin ne ya sa aka kwashe ƙasar aka yi wa dubbai magani. Mu a birni namu ya fi kusa da haka. Iyali su kunna janareta a baranda ko a lungun ɗaki saboda tsoron ɓarayi, su rufe tagogi su kwanta, da safe a fasa ƙofa a tarar da su duka. Iskar da ke kashewa a cikin hayaƙin nan ba ta da wari ba ta da launi, amma tana barin alama a jini wadda gwaji yake gani. In ba a gwada ba, maƙwabciyar da ta aiko da miya jiya ta shiga uku. Haka waken da aka adana da maganin ƙwari. Haka hawan jini, wanda yake bin gida: in shi ya kashe Baba, 'ya'yansa suna bukatar su sani tun suna da shekara talatin, su fara zuwa awo.

Mun san abin da ake cewa. Na farko, wai yanka gawa wulaƙanci ne, har wata tsohuwa ta taɓa tambayar mu ko mutumin da aka buɗe zai tashi daidai a ranar ƙarshe. Ba mu raina tambayar ba, ƙauna ce ta kawo ta. Amma a Farawa sura 50, likitocin Masar ne suka yi kwana arba'in suna gyara gawar Yakubu bisa umarnin Yusufu, shi ma Yusufu haka aka yi masa, kuma babu inda aka ce hakan ya rage musu wani abu. Mu da muke yarda a ɗura wa gawa magani a mutuware don ta jira anko, bai kamata mu ce likita ne zai wulaƙanta ta ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna binnewa a ranar, saboda haka lokacinsu ƙanƙane ne. Mu kam muna da mako biyu, uku, wani lokaci wata guda. Ba lokaci muka rasa ba.

Na biyu, kuɗi. Wannan gaskiya ne, bincike ba kyauta ba ne, kuma iyali da yawa ba su da hali. Sai dai mu lissafa abin da ke tafiya a rumfa da shinkafa da hoton bango, mu ga ko da gaske babu.

Na uku shi ne ya fi ƙarfi: wai nan ba Las Vegas ba ce. Haka ne. A fim, sakamako yana fitowa kafin a gama tallan sabulu, a zahiri kuwa gwajin guba yakan ɗauki makonni ko watanni. Cibiyar gwajin DNA da Jihar Legas ta buɗe a 2017, wadda aka yi ta alfahari da ita, an ƙone ta a tarzomar Oktoba 2020. A Kano a watan Afrilu na 2020, masu haƙar kabari ne suka fara lura cewa mutuwa ta yi yawa, kuma da aka zo bincike sai dai aka bi gida gida ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi ciwo. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. "Mai yiwuwa" ita ce iyakar abin da za a samu in an riga an binne.

Amma rashin kayan aiki dalili ne na yin sauri, ba na naɗe hannu ba. Mawaƙin nan Mohbad ya rasu a Legas ran 12 ga Satumba 2023, aka binne shi washegari. Da jama'a suka tayar da hankali aka tono shi ran 21 ga wata, likitan da ya duba kuma ya shaida wa kotu cewa gawar ta riga ta lalace, ba a iya tantance abin da ya kashe shi ba. Kwana takwas a ƙasa sun cinye amsar. Kuma ba mu rasa masana gaba ɗaya ba. Akwai likitocin da suka karanci wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, nan cikin gari kuma ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko inda za a fara tambaya. A doka, mutuwar da ta zo da shakku ana kai rahotonta wurin 'yan sanda, majistare mai binciken sanadin mutuwa kuma yana da ikon sa likita ya duba gawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. Maimaitawar Shari'a sura 21 ta yi maganar gawar da aka tsinta a jeji ba a san wanda ya yi kisan ba: dattawa da alƙalai ne za su fita da kansu su auna nisa zuwa garuruwan da ke kewaye. Ba a bar maganar a bakin mata a rijiya ba. Sura 19 ta hana a kama mutum da shaidar mutum ɗaya, ta sa alƙalai su bi diddigi sosai, ta kuma ɗora wa mai shaidar zur hukuncin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Mu tuna da Yakubu kuma. An kawo masa rigar Yusufu jina-jina, ya duba, ya yanke da kansa cewa naman jeji ne. Jinin bunsuru ne. Tun 1901 wani Bajamushe, Paul Uhlenhuth, ya fito da gwajin da ke raba jinin mutum da na dabba, abin da ɗalibin kimiyya zai gane yau. Tsohon nan ya yi kimanin shekara 22 yana makokin ɗan da yake da rai, domin ya gaskata abin da aka shirya masa ya gani.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinmu ba, don mu matasa ne ake fara kira in abu ya faru. Mu ne masu ɗaukar gawa, mu ne masu share ɗaki. In mutuwar ta zo ba zato, kada mu yi saurin wanke kwanon da ya ci abinci, ko zubar da sauran miyar, ko ƙone zanen gado. A tattara magungunan da yake sha a ajiye. Kada a cika ɗakin da jama'a. A gaya wa ma'aikatan mutuware su dakata da ɗura magani har likita ya gani, domin maganin adana gawa yana ɓata gwajin guba, kuma yawancin iyalai ba su san haka ba sai aikin gama ya gama. Hoton mamaci kuwa ba na WhatsApp ba ne, balle a haɗa da "ku dai ku yi hankali da matan yanzu".

Ga iyayenmu fastoci da dattawan ikkilisiya, da ladabi muke cewa: ku ne ake saurara a ɗakin makoki. Yaro ɗan shekara 22 ba zai iya tsayawa gaban kawunansa ya ce a buɗe gawar ubansa ba, za a ce ba shi da kunya. Amma in Baba Fasto ya ce, tun da kuna zargi, mu je a duba, in kuma ba za a duba ba kada in ƙara jin sunan matar nan a bakin kowa, za a ji. Muna so kwamitin jana'iza ya sa wannan tambaya cikin abin da yake yi wa iyali tun ranar farko, kafin a kai ga maganar anko da launinsa.

Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada, mu da muka yi waƙa a kwanan makokin nan za mu je gidan mamar da muka ambata. Ba mu da sakamakon gwajin da za mu kai mata, wannan dama ta wuce. Za mu je ne mu ce mun ji abin da aka faɗa a kanta muka yi shiru, kuma mun yi laifi. Wanda yake so ya bi mu, mu haɗu a bakin ƙofar majami'a da ƙarfe ɗaya.