Wace bindiga ce ta fi amfani a Last Day on Earth? Ra'ayin mai gyaran waya

Yau ba maganar saita waya za mu yi ba, maganar gem ce, amma za ku ga ta dawo kan wayar da aljihunku.

Makon da ya wuce wani yaro ya kawo min wayarsa a shagona nan Gidan Igwai. Batir ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, tacin kuma ya mutu ta ƙasa a hannun dama. Na ce masa, "Ƙanena, gem kake yi da wagga waya ko?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ya aka yi ka sani?" Ai daidai wurin maɓallin harbi ne ya mutu. Last Day on Earth yake bugawa, gem ɗin zombi da kamfanin Kefir ya fitar a 2017. Har kuɗin data ɗinsa ya sa ya sayi akwati don ya samu AK-47, kwana biyu bindigar ta ƙare.

Nima ina buga gem ɗin nan in kasuwa ta yi sanyi, kuma ra'ayina a fili yake: ga mai ƙaramar waya, Glock 17 ta fi AK-47 da M16 amfani.

Abin da sabon ɗan wasa bai lura da shi ba shi ne, a wannan gem ba a neman harsashi. Kowace bindiga tana da layin ƙarko a ƙasanta, duk harbi ɗaya yana cin wani abu daga ciki, in layin ya ƙare bindigar ta tafi. Don haka kafin ka tambayi wadda ta fi ƙarfi, tambayi zombi nawa za ta kashe maka kafin ta mutu.

AK-47 da M16: suna zuba wuta da sauri, babu musu. In zombi masu gudu sun taso maka su uku ko huɗu a jan yanki, su ne za su cece ka. Matsalar ita ce saurin nan shi ke cinye su. Ka danne maɓalli, waya ta ɗan sarƙe na daƙiƙa ɗaya, ba ka ga abin da ke faruwa ba, amma ƙarkon bindiga yana ta tafiya. A waya mai RAM 2GB ko 3GB wannan ba sau ɗaya ba ne, kullum ne.

Shotgan: bugunta ɗaya mai nauyi ne, sai dai dole ka matsa kusa, kuma tsakanin harbi da harbi akwai jira. A cikin Bunker Alfa akwai ƙaton nan Frenzied Giant, tafiyarsa a hankali take amma duka ɗaya yake yi maka ka mutu. Ka tsaya kusa da shi da shotgan, sabis ya ɗan yi ƙasa, sai dai ka farka a gida tsirara, kayanka na can jikin gawarka.

Kwari da baka: kar ka raina shi. Kai za ka haɗa abinka da kayan da ka tsinto, ba ya ƙara irin ta bindiga, kuma in ya lalace ba ka yi asara ba. A koren yanki, inda kake saran itace da fasa dutse, ya ishe ka. Rauninsa jinkiri. Kafin ka ja ka saki, Fast Biter ya iso jikinka.

Glock 17: ita ce a tsakiya. Tana kai nesa daidai gwargwado, harbinta ɗaya bayan ɗaya ne, kana iya ƙirgawa. Ka harba biyu ko uku, ka ja baya, ka sake harbawa. Da haka ake kayar da Frenzied Giant ba tare da ya taɓa ka ba. Ko waya ta sarƙe, abin da za ka yi asara kaɗan ne. Kuma ta fi manyan bindigogi sauƙin samu, musamman in kana tara tikitin kore da rawaya da ja a Bunker Alfa kana canza su da akwatuna. Ba sai ka cire ko kwabo ba.

Na san masu manyan wayoyi za su ce AK ta fi saurin gama aiki. Gaskiyarku, in wayarka ba ta sarƙewa kuma akwatinka cike yake da bindigogi. Ni ma ban ce a yar da ita ba. Ka ajiye ta don hawa na ƙasa a bunker ko ranar da aka rutsa ka. Amma wanda ke harbin zombi ɗaya mai jan ƙafa da AK, kamar mai yanka kaza ne da takobi.

Yanzu ga ɓangarena na mai gyara. Dannar nan da ake yi da ƙarfi lokacin da aka ruɗe ba ta ƙara wa bindiga sauri, tacin kawai take wahalarwa. Zafin Sakkwato kuma kun san shi, daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kare kanta, shi ya sa gem ke sarƙewa da rana tsaka. Ka cire kondom ɗin waya in za ka daɗe, ka rufe sauran manhajoji, ka shiga bunker da dare ko da sassafe. Uwa uba, kar ka buga tana jikin caji. Mafi yawan kumburarrun batura da nake cirewa, in na bi labarin, nan yake ƙarewa.

Yaron nan na canza masa batir da sikirin, kuɗin gyaran ya fi na akwatin da ya saya nesa ba kusa ba. Jiya ya biyo ta shago ya nuna min Glock uku a ajiye, ya ce bai sake sayen komai ba.

Wanda ke ganin AK ce sarauniya, ina saurarensa, amma ya fara faɗa mana wayar da yake riƙe da ita.