Zancen Gida: Rago ba ya dafa kansa

Ranar Alhamis ce babbar kasuwar Damagaram. Dole takan cika, kasuwar dabbobi ma haka. Amma Alhamis ɗin da ke gaban Babbar Sallah dabam take. Mutanen ƙauye sun koro dabbobi, mutanen Birni da na Zango sun fito saye. Mai gida yakan yini yana taɓa gadon bayan rago, yana buɗe bakinsa ya ga haƙori, yana ciniki har muryarsa ta dushe. In ya ja ragonsa ya ɗaure a gida, sai ya ce ya gama shirin Sallah. Bai gama ba. Rago ba ya feɗe kansa, ba ya dafa kansa. Gidaje da yawa sai ranar Sallah da hantsi suke tunawa wuƙa ta dakushe, tukunya tana yoyo, muciya ta tsage tun bikin bara.

Wannan sakaci yana da tsada, balle a shekarun nan. Layya tana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 ta faɗo cikin watan Yuni. Daga nan tana gangarawa cikin Mayu da Afrilu, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40. Cikin irin wannan zafi ɗanyen nama ba ya jiran kowa. In aka yanka da safe, aka tsaya neman aron kasko har la'asar, kayan ciki sun fara sauya wari. Ragon da aka yi wata da watanni ana tara kuɗinsa, rashin kayan aiki na kuɗi kaɗan yana iya ɓata rabinsa.

Aikin ranar da wuƙa yake farawa. Gida mai layya yana bukatar wuƙa biyu, ba ɗaya ba: doguwa mai kaifi ta yanka, da gajera mai lanƙwasasshen baki ta fiɗa. Wuƙa mai tsini tana huda fata. Fatar layya ko buzu za a yi da ita, ko sadaka za a bayar. In ta huje wuri uku ko huɗu, majema ba sa ɗaukarta da daraja, wanda aka ba sadakar ne ya yi asara. Ƙashi kuwa aikin gatari ne ko barandami, a kan guntun icce mai tsabta. Wanda ya sari ƙashi da wuƙar yanka ya kashe ta ke nan. Kuma maƙeri ba ya wasa wuƙar gari duka a daren jajibere. A kai masa tun da sauran mako guda.

Gidaje ba ɗaya suke bi da nama ba. Wasu sukan buɗe rago, su tsire shi da sanduna biyu a gicciye, su jingina shi kusa da babbar wuta, ya yini yana gasuwa a hankali. Wasu kuma sukan rataye shi ya sha iska, su soya kayan ciki ranar farko, kashegari a yayyanka sauran. Mai gashi yana bukatar sanduna masu ƙarfi da icce busasshe mai yawa. In maƙwabta uku ko huɗu suka haɗa wuta ɗaya, suka kewaye ta da ragunansu, iccen da gida ɗaya zai ƙona ya ishe su duka. Katako mai fenti da tsohuwar taya ba iccen girki ba ne. Masu babbakar kai da ƙafa da taya suna cewa ta fi sauri. Gaskiya ne ta fi sauri, amma hayaƙinta guba ne, yana maƙalewa a nama, kuma yara ne suka fi rububin kai da ƙafa.

Sai murhu. Duwatsu uku a fili, iska tana kwashe wuta ta kowane gefe, tukunya tana samun abin da ya rage. Shi ya sa tun cikin shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe Mai Sauƙi a Nijar, da murhun Albarka wanda ake ginawa da laka. Dabararsu ɗaya ce: a tsare wuta ta hau jikin tukunya. Amma Mai Sauƙi da girman tukunya ake yin sa. Wadda ta ɗora tukunyar biki a kan murhun tukunyar kullum, ta danna muciya da ƙarfi, tana iya kifar da tuwon mutum talatin a ƙafarta. Ga babbar tukunya, abin da ya fi shi ne a kafa duwatsu uku su zauna daram, a kewaye su da katangar laka, a bar ƙofar icce, a bar ɗan fili tsakanin laka da tukunya inda hayaƙi zai fita. Wannan ba ya cin ko dala. Kwana yake ci, domin ɗanyar laka tsagewa take in ta ji wuta. Tun ran gini ran zane. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a hanyar Tanut a 2011, gas ya shiga gidaje da dama a birni. Yana da kyau ga miya da shayin baƙi. Tuwon taro dai har yanzu a kan icce ake tuƙa shi.

Uwar kayan girkin Sallah ita ce babbar tukunya. Yawancin gidaje yanzu ta sanholo suke da ita, wadda wasu ke kira tukunyar dalma. Maƙera ne ke narka tsofaffin kaya su zuba cikin ƙirar yashi. Zubi ba baƙon aiki ba ne a ƙasar nan: a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram har igwa suka yi. Kowace tukunya tana da lamba a jikinta, in lamba ta hau girma ya hau. Mai saye ya ɗaga ta sama ya duba gindinta ta hasken rana. Ya ƙwanƙwasa ya ji ƙara. Ya girgiza kunnuwanta, ya gwada murfi. Gindi mai kauri ba ya ƙona shinkafa da wuri. In mai kaya ya yarda, a zuba ruwa a jira kaɗan, domin ramin da ido bai gani ba ruwa yana ganinsa.

Akwai kuma abin da ko ruwan ba ya nunawa. Sanholo dabam, dalma dabam. Dalma ta ainihi, irin ta cikin batirin mota, guba ce. Jama'a sun ji labarin Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga tukunya ba, amma gubar ɗaya ce. Ko kaɗan ta shiga jikin yaro tana dakushe masa ƙwaƙwalwa, ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba. A 2014 masana sun gwada tukwanen zubi a ƙasar Kamaru. A 2017 aka sake gwada guda 42 daga ƙasashe 10. An tafasa ruwa mai tsami a cikinsu, aka ga wasunsu suna sakin dalma. Dalili shi ne abin da aka narka. In guntayen injin mota da lagireto da tarkacen da ba a tantance ba suka shiga cikin zubi, dalma takan biyo su.

Wannan ba kira ba ne a zubar da tukwane, ba kuma zargin maƙera ba ne. Ba kowace tukunya ke da ita ba. Amma mai saye yana da ikon ya tambayi maƙeri abin da yake narkawa, kuma maƙerin ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. A gida kuwa, tsami shi ne ke cin jikin tukunya. Miyar yakuwa, ruwan tsamiya, miyar tumatir, kada su kwana a cikin ta sanholo. In an sauke a juye. Kanwa ma tana cinta, uwar gida ta sha ganin yadda cikin tukunya ke sauya launi bayan wake mai kanwa. Gurzar ciki da yashi har ya yi ƙyalli ado ne kawai, toka da soso sun isa. Tukunyar da ta huje aka liƙe ta da dalma, ta bar girki, ta koma wanki.

A nan tukunyar ƙasa take da ranarta. Mirya tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba daga Zinder, kasuwarta ranar Lahadi, kuma maginanta sun yi suna tun kaka da kakanni. Miya mai tsami a tukunyar ƙasa ba ta cin komai, tana kuma daɗewa da zafi bayan an sauke. Sabuwa dai ba a fara ta da girkin Sallah. A tafasa ruwa da ɗan tsaki ko ƙasari a ciki tukuna, a kan wuta marar ƙarfi, ta saba. Wanda ya je Mirya ya haɗo da randa ko tulu. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram, ga wankin hanji, ga wankin kwanuka, ga baƙi masu ƙishirwa. Manomi ya kiyaye abu ɗaya: bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona ba ya komawa na ruwa ko na mai, ko sau goma aka wanke shi.

Naman da zai kai wata guda, kaskon suya ne ke kai shi. Kasko mai faɗi da zurfi ake so, da matsami mai dogon hannu, domin mai tafasasshe ba ya sabo da yatsa. A dafa nama da gishiri har ruwansa ya tsotse, sannan a soya shi cikin kitsensa ko man gyaɗa har ƙarar ruwa ta ɗauke. Nama mai sauran danshi a ciki shi ne wanda ke yin furfura bayan kwana biyar. A bar shi ya huce a buɗe, a rufe da rariya saboda ƙuda, kana a zuba a busasshen kwano mai murfi. Leda tana sa shi gumi. Kwanon samira da ya ɓamɓare yana tsatsa. Tiren da ya ɗauki ɗanyen nama kada ya karɓi soyayye sai an wanke shi da sabulu ya bushe. Yawan gudawar bayan Sallah da ake ɗora wa cin nama, wani lokaci daga tire take.

Sauran kayan ƙanana ne, amma rashinsu yakan tsai da gida. Muciyar kullum gajera ce ga tukunyar biki, sai an sassaƙo doguwa. Mara biyu sun fi ɗaya in kwanuka ashirin ke jira. Mai dambu ta duba madambaci, mai masa ta shafa wa tanda mai tun da wuri. Jeren kwanukan da ke ɗakin amarya suna da kyaun gani, sai dai yawancinsu ba sa sauka ƙasa. Abin da ke aiki ranar Sallah shi ne kwano mai murfi wanda yaro zai ɗauka ya kai gidan gwaggo ba tare da ƙura ta shiga ba. Akushi da faifai suna riƙe zafin tuwo yadda ya kamata. Kula ma tana riƙewa, amma ta 'yan awoyi ce. Shinkafar da ta yini ta kwana a kula da ɗumi-ɗumi, ko an sake tafasa ta sosai tana iya cutarwa, ko da ba ta sauya wari ba, don haka ko yaro kada a ba.

Ba dole ne kowane gida ya sayi tukunyar da sau biyu ko uku ake ɗorawa a shekara ba. Aro al'ada ce. Matsalarsa ranar Sallah ita ce kowa yana girki a rana ɗaya, ba kamar suna ko aure ba. Saboda haka matan da suka haɗa kuɗin adashi suka sayi babbar tukunya da kasko, su zauna tun kafin jajibere su raba lokaci: wannan gida suya da safe, wancan da azahar, na uku kashegari. Kowane kwano da ludayi a ɗiga masa fenti a gindi ta waje, ko a ɗaura zare a kunnensa, don a san na wa ne. Wadda ta karɓi kasko ta mayar da shi wankakke, tare da matsaminsa, kafin mai jiran sa ta aiko yaro.