Jif Mai Ɗingishi: A San Cuta Kafin A Sayi Magani

Kaka ta yi, amfani ya taru a gona, saura sufuri. A ƙauyuka da yawa inda babbar mota ba ta shiga saboda yashi da kwazazzabai, tsohuwar jif ita ce jakin zamani. Ko Land Cruiser ce, ko Pajero, ko Pathfinder, galibi 'yar Kwatano, wadda ta riga ta ci zamaninta a Turai ko Amurka kafin ta faɗo hannun manomi. Ita ke kai taki da damina, ita ke fid da buhuna bakin titi da kaka. To, akwai wata cuta da ta addabi irin waɗannan motoci, wadda makanikai su ke kira misin, watau inji ya riƙa ɗingishi. In an tsaya ya yi ta kakkarwa, in an hau tudu ya shaƙe, salansa na tari, fetur kuwa na tafiya kamar an huda tanki.

Abin da ya fi cutar ciwo shi ne yadda a ke maganinta. Ran Litinin a ce fulogi ne, a saya. Ran Alhamis a ce famfon mai ne, a saya. Mako na zagayowa a ce nozul ne. Kafin a ankara an zubad da kuɗin buhu biyar na masara a Ƙofar Ruwa ko Panteka, mota kuwa tana nan jiya i yau, tumatirin da aka tsinka don kasuwa ya ruɓe a kwando. Wannan ba gyara ba ne, caca ce.

Manomin kirki ba ya yi wa gonarsa haka. In ya ga ganyen masara ya yi rawaya, ba ya rugawa sayen taki sai ya duba tukuna. Ko yunwa ce, ko wuta-wuta ce ta kama saiwa, ko ruwa ne ya kwanta, ko tsutsa ce cikin kara, kowanne da maganinsa. Inji ma haka ya ke. Yawancin waɗannan motoci silinda shida gare su, kamar shanun noma shida a igiya ɗaya. In ɗaya ya kwanta, sauran biyar ɗin su ja kaya, su kuma ja shi. Kowace silinda kuwa abu uku ta ke bukata: wuta daga fulogi a kan lokaci, da fetur gauraye da iska daidai gwargwado, da matsi mai ƙarfi daga fistin. Misin ba ya fita daga cikin ukun nan. Aikin mai gyara shi ne ya gane wace silinda ce, sa'an nan wanne ne ta rasa. Maganar nan ta injin fetur ce, na gas ba shi da fulogin wuta, hanyarsa dabam ce.

Bincike na fari ba ya cin ko kwabo, tambaya ce kawai: yaushe ta ke yi? In da safe ne bayan an kwana ana ruwa, ta kuma ware in rana ta yi, sai a zargi wayoyin fulogi ko murfin dilko, gama tsagar da ido ba ya gani ta ishi laima ta sace wuta. In sai an yi lodi an hau tudu, ko wuta ce ta yi rauni ko mai ba ya isa. In a tsaye ta ke yi, da an taka totur ta daina, galibi iska ce ke satar hanya ta wani tiyo da ya tsage. In kuwa ta soma ne ran da aka sha mai wajen 'yan bumburutu, a tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kowa ya gani. Masu mota ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima Nijeriya, motoci da yawa suka lalace alhali ba laifin fulogi ko kaɗan.

Na biyu, a nemo silindar. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wata kafa ƙarƙashin sitiyari inda a ke jona na'urar bincike. In ta nuna P0303, silinda ta uku ce. P0305, ta biyar. P0300 kuwa ba guda ɗaya ba ce, sai a nemi abin da ya haɗa su duka, kamar mai ko iska. Amma a lura, na'ura ɗakin mara lafiya ta ke nunawa, ba ta faɗin cutarsa. Wanda ya ga lamba ya ruga kanti bai bambanta da mai cacar farko ba. Inda babu na'ura, a riƙa cire soket na kwayil ko na nozul ɗaya ɗaya inji na aiki. Wadda aka cire kakkarwa ba ta ƙaru ba, ita ce a kwance. Kada a fizgi wayar fulogi da hannu, wutarta ta dubban bolt ce.

Na uku, musaya, wadda ita ce dabarar da ta fi kowace araha. A ɗauke kwayil na silindar da ke ciwo a kai wata, a kawo na can nan. In ɗingishi ya bi shi, an kama ɓarawo. In bai bi ba, a musanya fulogi, sa'an nan nozul. Fulogin kansa ma shaida ne. Mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa ya ke. Baƙi mai kunkunniya, fetur ya yi yawa ko wuta ta gaza. Mai danshin baƙin mai, ringi ko bawul ke yoyo. Wanda ya fita fes kamar an wanke alhali 'yan'uwansa da datti, ruwan lagireto ke shiga silindar. A kuma duba matatar iska, don ƙurar hunturu da ta hanyar gona ba ta da tausayi.

In duk an yi wannan ciwo na nan a silinda ɗaya, sai a auna matsi da geji, a gwada dukansu. Bai kamata wata ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kamar kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta gaza a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta tashi ba, bawul ne. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Sai a nan ne sauke inji ya halatta, ba tun da fari ba.

Akwai masu cewa tun da tana tafiya a lallaɓa har a gama kaka. Wannan tsimi ne mai jawo hasara. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke maiƙon jikin silinda, ya sauka ya tsinka baƙin mai. Saura ya wuce cikin matatar hayaƙi, wadda makanikai su ke kira indomi, ya ƙone a can har ta narke ta toshe. In fitilar inji ta soma ƙyaftawa maimakon ta tsaya a kunne, gargaɗin ke nan. Tun kuma da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, ba mai kuɗin da zai riƙa zuba fetur a silindar da ba ta aiki.

Amma gaskiya ɗaya ce, laifin ba na makanike kaɗai ba ne. Mai mota ya kan ƙirga kuɗin kaya ba musu, amma in aka ce ya biya ladan awa biyu na bincike sai ya ce ai ba a sa kome ba. Wanda aka hana shi ladan tunani, dole ya nemi abincinsa a cinikin kaya. Saboda haka ya kamata mai jif ya ware kuɗin bincike dabam, ya biya da daɗin rai. Kada ya yarda a sake abu biyu a lokaci guda. Kowane abu za a saya, a nuna masa dalili, a kuma ba shi tsohon ya riƙe. Ya ajiye ɗan littafi a mota, ya sa yaro ko akawu ya rubuta rana da abin da aka sake. Wanda ya yi haka zai kai kayansa Dawanau a kan kari, kuɗin takin baɗi kuma na aljihunsa.