Duhun da Kannywood ke gudu

A Shamaki, nan cikin Gombe, abokaina dariya suke yi mini don ina kallon tsoffin finafinan Turai marasa launi. "Malam, ai wannan na kakanni ne!" To, su yi ta yi.

A fim ɗin The Third Man na 1949, jarumi Orson Welles na tsaye a bakin ƙofa cikin duhun birnin Biyana, kyanwa na wasa da igiyar takalminsa, sai hasken wata taga ya faɗa kan fuskarsa. Bai ce uffan ba. Mu kuwa a Kannywood, falo tar da fitilu, kowa na zuba.

Bicycle Thieves na 1948 labarin magidanci ne da aka sace wa keken neman abinci a Roma. Ɗan acaɓan da ya rasa babur zai gane shi sarai, amma daraktocinmu sun fi son soyayyar 'ya'yan attajirai.